Ganina Yana Raguwa, Ina Ci Gaba da Tsere

Ni ɗan tsere ne, ina gudun mita 100 da mita 200 a rukunin masu larurar gani. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan labari shi ne yawan iyayen da suke tsayar da ni bayan gasa, suna tambayata abin da ya kamata su yi da yaron da likita ya ce ganinsa zai ci gaba da raguwa. A tsaye a bakin fili, ina haki, ban taɓa iya ba su amsar da ta gamsar da ni ba, shi ya sa na ga ya fi in faɗi abin da ya same ni tun daga tushe, kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Tun ina firamare aka san ni da gudu. Idan aka aike ni, kafin a ankara na je na dawo, kuma a cikin sa'o'ina babu wanda yake yarda mu yi tsere sai na ba shi rata. Amma duk wannan da rana ne. Da zarar magariba ta kawo jiki sai in koma laluben bango, ina tuntuɓe da abin da kowa yake gani sarai. Iyayena sun ɗauka dundumi ne irin wanda ƙarancin bitamin A yake kawowa, wanda kuwa yana jin magani, aka yi ta ba ni, abu bai canja ba. Da aka gaji sai aka bar shi a kan cewa idan na girma zai tafi da kansa.

Ina shiga sakandare abin ya biyo ni har cikin rana, ta hanyar da ta fi dundumin wuyar bayani. Ina iya karanta rubutun allo daga bayan aji, amma in wani ya tsaya a gefena ba na ganinsa. A filin ƙwallo, wadda ta taho ta gabana ina ganinta, wadda ta taho ta gefe kuwa sai dai in ji ta a jikina. Sau da yawa mutum yakan miƙo mini hannu mu gaisa, ni kuma ina kallon fuskarsa ban ga hannun ba, har ya gaji ya janye. Aka fara cewa ina da girman kai, malamai kuma suna cewa ba ni da natsuwa. Ban iya kare kaina ba, domin a lokacin ban san cewa sauran mutane suna ganin abin da yake gefensu ba tare da sun juya kai ba. Na ɗauka kowa haka yake gani.

Ranar da aka kai ni wurin ƙwararren likitan ido, sai aka zaunar da ni gaban wata na'ura, na ɗora haɓata, aka ce in kafa ido a kan ɗigon da ke tsakiya, in danna maɓalli duk lokacin da na ga ɗan haske ya ƙyafta. Na daɗe ina jiran hasken, ina tsammanin ba a kunna na'urar ba, ashe tuni take ta ƙyaftawa a gefe da gefe. Takardar da ta fito kusan duk baƙa ce, sai ɗan fari a tsakiya. Likita ya nuna wa iyayena, ya ce ɗanku yana ganin duniya ne kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma bututun zai ci gaba da tsukewa. Ya ce sunan ciwon retinitis pigmentosa, ciwo ne na gado da yake kashe ƙwayoyin da suke karɓar haske a tantanin bayan ido, yana kuma farawa da waɗanda suke aiki cikin duhu da kuma gefen gani, shi ya sa dundumi yake zama alamarsa ta farko. Mahaifiyata ta ce, "Likita, tabarau ba zai gyara ba? Ko aiki ba a yi?" Ya amsa mata cewa tabarau yana gyara yadda haske yake shiga ido ne, a nan kuwa mai karɓar hasken ne yake lalacewa, kuma babu wanda zai iya cewa ga shekarar da ganin zai ƙare, domin a wurin wani yana sauri, a wurin wani yana ɗaukar shekaru masu yawa. Mahaifina bai ce uffan ba har muka fito. Ita kuwa jin cewa ciwon na gado ne ya zauna mata a rai, ta daɗe tana ganin ita ce ta ja mini, sai da mahaifina ya zaunar da ita a gabana ya ce babu mai laifi a cikin abin da Allah ya ƙaddara.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar asibitin nauyi a wurina. Na bar ƙwallo, a gida kuma aka daina aikena. In na miƙe zan ɗauko wani abu sai in ji an ce, "Zauna, bari ƙaninka ya ɗauko, kada ka faɗi." Ƙauna ce ta sa suke yin haka, ban taɓa shakka ba, amma yaron da duk abin taƙamarsa a duniya ƙafarsa ce, in aka ce kullum ya zauna, an raba shi da abin da ya rage masa. Na zama mai yawan shiru, karatuna ya ja baya, da dare kuma in kwanta ina lissafin fuskokin da wata rana ba zan ƙara gani ba. Ina roƙon iyaye su lura da wannan ƙwarai, domin faɗuwar da ake jiye wa yaro tsoro takan warke cikin kwanaki, zaman ɗaki kuwa ni na san yadda yake cin mutum.

A shekarar 2021 malaminmu na wasanni ya kira ni ofishinsa, ya miƙo mini waya ya ce, "Kalli wannan, ka gaya mini abin da ka gani." Zagayen ƙarshe ne na mita 100 a gasar Olamfik ta nakasassu da ake yi a Tokiyo a lokacin. Na kusantar da wayar, na ga ƙarti sun yanka a guje, biyu daga cikinsu sun iso kusan tare. Jason Smyth na ƙasar Ailan ne ya ci da sakan 10.53, Skander Djamil Athmani na Aljeriya ya biyo shi da sakan 10.54. Na ce, "Malam, ai waɗannan lafiyarsu ƙalau." Ya ce duk wanda na gani a wannan sahu likitoci sun tabbatar ganinsa ya raunana ƙwarai, kuma da za a auna nawa, mai yiwuwa rukuninmu ɗaya. Na yi ta maimaita kallon. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya sassauta wa kowa, kuma ɗaya bisa ɗari na sakan ne ya raba zinare da azurfa. Daga baya na bi diddigi na gano cewa tun 1948 wani likita, Ludwig Guttmann, ya shirya wa sojojin da suka ji rauni a laka gasar harbin baka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, a 1960 aka yi gasar Olamfik ta nakasassu ta farko a birnin Rum, a 1976 kuma aka shigar da masu larurar gani a Toranto ta Kanada. Ana wannan abu tun kafin a haife ni da shekaru masu yawa, amma babu wanda ya taɓa ambata mana shi, har a asibiti.

Shawo kan iyayena bai zo da sauƙi ba. Mahaifiyata tana tsoron in ji rauni, mahaifina yana tsoron in watsar da karatu. Malam ya zo da kansa ya yi musu bayani, a ƙarshe mahaifina ya ce, "Na yarje maka, amma ranar da sakamakonka ya faɗi, ranar ka ajiye takalmin." A kan haka muka tsaya, kuma har yau sharaɗin yana nan.

Filin tsere ya dace da irin ganina fiye da kowane wuri. Layi ne miƙaƙƙe mai faɗin mita 1.22 tsakanin fararen zane biyu, babu ƙwallon da za ta ɓullo ta gefe, abin da nake buƙata duk yana gabana. Kocin da aka haɗa ni da shi masu gani yake horarwa, kuma tun ranar farko ya gaya mini gaskiya. Ya ce, "Ban san ciwonka ba, amma na san gudu. Kai ka koya mini idonka, ni in koya maka ƙafarka." Ya kafa wa sauran 'yan wasa doka cewa kada a bar jaka ko shingen tsalle a kan layi, kuma duk wanda zai tsallaka gabana ya ɗaga murya. Ban da wannan bai ɗauke mini komai ba. A wurinsa na gane cewa gudun da nake taƙama da shi ɗanye ne. Sai da na koyi yadda ake tokare ƙafa a matokara, da yadda ake fita jiki a sunkuye ana tura ƙasa kafin a miƙe a hankali, da sakin kafaɗa da fuska a lokacin da jiki yake son ɗaurewa. Na koyi cewa wanda ya motsa ƙasa da ɗaya bisa goma na sakan bayan tashin bindiga ana ɗaukarsa ya yi riga malam masallaci, a fitar da shi, kuma a ƙarshen mita 100 kowa gudunsa raguwa yake yi, mai nasara shi ne wanda nasa ya fi jinkirin raguwa. Akwai ranakun da na yi amai a bakin fili saboda gajiya, koci yana tsaye yana jira in gama in koma layi, kuma waɗannan ranaku ne na fara jin na dawo mutum.

A wasannin nakasassu ɗan wasa ba shi yake zaɓar rukuninsa ba, tantance shi ake yi, kuma idon da ya fi gani ake aunawa, sanye da tabaran da ya fi dacewa da shi. Masu larurar gani kashi uku ne. Mai lafiyar ido yana ganin kimanin digiri 180 daga gefe zuwa gefe. Wanda faɗin ganinsa bai kai digiri 40 ba, ko kaifin ganinsa ya sauka ƙasa da wani mizani, yana shiga T13, kuma shi kaɗai yake gudu. Wanda nasa bai kai digiri 10 ba yana shiga T12, yana da zaɓin ya yi gudu da ɗan jagora ko shi kaɗai. T11 na waɗanda ganinsu ya tafi ne ko ya kusa, dole su rufe ido da marufi, dole kuma su yi gudu da ɗan jagora. Tantancewar cikin gida ba ta isa a shiga gasar duniya da ita ba, sai likitan ido ya cike takardu na musamman an haɗa da sakamakon gwaje-gwaje, an yankar wa mutum lasisi, sannan ya bayyana gaban masu tantancewa na duniya, waɗanda galibi ake samunsu a manyan gasanni irin na Dubai da Tunis da Marakesh. Na daɗe ina jiran wannan dama, ina ganin wasu suna tafiya suna dawowa. Da ta samu aka sa ni a T13, amma saboda ciwona mai tafiya ne, aka rubuta cewa za a sake duba ni.

Burina a lokacin shi ne gasar birnin Faris ta 2024. A wata gasa na yi gudun da ya kai mizanin shiga, muka yi ta murna, sai aka ce ba za a karɓa ba, domin da agogon da ake dannawa da hannu aka auna, babu kuma na'urar auna iska. Agogon hannu yakan rage wa ɗan tsere kusan kwatan sakan, iskar da ke tura mutum ta baya kuwa in ta wuce mita 2 a sakan ɗaya, lokacin ba ya shiga lissafi. Dokar daidai ce, ba na jayayya da ita, abin da yake damuna shi ne yawan matasan da suke gudu mai kyau a filayen da babu waɗannan na'urori, gudunsu ya tafi a banza. A gasar da aka amince da ita kuwa na gaza mizanin da ɗan kaɗan. A waya na kalli Athmani yana cin zinaren mita 100 a Faris, na taya shi murna a zuciyata, sannan na kashe wayar na yi kuka.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba na fara lura cewa kwanar mita 200 tana ɓace mini. Zanen da nake bi yakan karkata ya fita daga ɗan abin da nake gani, sai in riƙa juya kai ina nemansa, juya kai kuwa yana karya gudu. A wata gasa da aka yi da yamma ƙarƙashin fitilu, na fito daga kwana ina jin daɗin ƙafata, na iso na biyu, sai ga sanarwa cewa an soke ni, na shiga layin wanda yake hagu da ni taku da dama. Wallahi ban ga zanen ba ko kaɗan. Da lokacin sake tantancewa ya zo, takardar na'urar ta fito farin tsakiyar ya ƙara ƙanƙancewa, aka mayar da ni T12. Wasu abokaina suka ce in yi murna, wai zan samu sauƙin abokan karawa. Ni abin da na ji shi ne likitoci sun sa hannu a kan cewa makanta ta ƙara matsowa. Na koma gida na tura takalman ƙarƙashin gado, na yi watanni ban leƙa fili ba.

Koci bai matsa mini ba, sai wata rana ya zo gida ya zauna kusa da ni ya kawo maganar ɗan jagora. Na ce masa ba na so. Duk abin da ya sa na ƙaunaci tsere shi ne a cikin waɗannan sakanni babu mai riƙe da ni, yanzu kuma a ce in ɗaura hannuna da na wani a gaban jama'a, abin da nake gudu tun ranar asibiti. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ba ni labarin Omara Durand ta ƙasar Kuba, wadda ta ci zinare biyu a Landan a 2012 tana T13 ita kaɗai, daga baya ganinta ya ragu ta koma T12 ta ɗauki ɗan jagora, Yuniol Kindelán, kuma da shi ta yi mita 100 cikin sakan 11.40 a Riyo a 2016, ta ci gaba da ci har zinarenta ya kai 11 a Faris. Ya ce, "Igiya ba ta rage mata gudu ba. Ka gwada, in ba ta yi maka ba ni da kaina zan ce ka bari." Na kwana ina juya maganar. Abin da ya sa na yarda shi ne na tambayi kaina ko riƙe hannun nake ƙi ko kuwa yarda da cewa ciwon ya ci gaba, na kuma ga cewa ƙin yardata ba zai tsayar da shi ba.

Igiyar gajeriya ce, tana da madauki a kowane baki, kuma a filin tsere tsawonta ba ya wuce santimita 30. Ina saƙala ta a hannuna na dama, ɗan jagorana a hannunsa na hagu. Ke nan duk lokacin da hannuna na dama ya yi gaba, dole nasa na hagu ya yi gaba, ƙafata ta hagu kuma ta sauka tare da tasa ta dama. Wannan ya tilasta masa ya canja ƙafar da yake sa wa gaba a matokara, wadda ya saba da ita tun yana yaro, kuma da yake ya fi ni tsawo, sai da ya rage tsawon takunsa ya daidaita da nawa. Da tafiya muka fara, sannan sassarfa, kafin mu kai ga gudu. A farkon lamari igiyar kullum a miƙe take, tana fizgar yatsuna, gwiwar hannunsa tana bugun tawa, wani lokaci mu tsaya a tsakiyar fili kowa ransa a ɓace. Shi yake gyara mini matokara, ya ɗora yatsuna daidai bayan zane, a cikin gudu kuma yana jefo mini gajerun kalmomi: kwana, miƙe, saura hamsin, saura ashirin, kai ƙirji. Doka ta hana shi ja na ko tura ni, kuma dole ƙirjina ya riga nasa ƙetare layin ƙarshe, don haka a takun ƙarshe yakan ɗan ja da baya. Idan ya yi saurin tashi kafin bindiga, mu biyu ake fitarwa. Layi biyu ake ba mu, shi ya sa a rukuninmu mutum huɗu kaɗai suke shiga zagayen ƙarshe a fili mai layi takwas. Sharaɗi mafi wuya shi ne dole ɗan jagora ya fi ɗan wasan gudu sosai, ta yadda zai iya magana yana lura da zane alhali ana kan ganiyar gudu.

Da koci ya ga har yanzu ina juya kai ina neman zane, ɗan ganin da ya rage mini yana gardama da muryar ɗan jagora, sai ya kawo marufin ido ya ce mu gwada a horo. Doka ba ta wajabta wa T12 shi ba. Da na sa, duhun da nake tsoro tun ina yaro ya rufe ni gaba ɗaya da rana tsaka. Ɗan jagora ya ce mu tafi, ƙafata ta ƙi. Ina jin ƙarar takalman wasu a nesa, ina jin bugun zuciyata, jikina yana ta ba ni labarin cewa akwai bango a gabana, duk da na san babu. Ya ce, "Ɗan'uwa, in akwai abin da za a buga, ni zan fara bugawa." Muka yi taku kaɗan, muka tsaya, muka ƙara. An ɗauki lokaci kafin in saki jiki, amma ranar da na saki, sai na ji igiyar ta yi sako-sako a tsakaninmu, ƙarar takunmu ta zama ɗaya, kuma agogo ya nuna na fi gudu a kwana ido a rufe fiye da yadda nake yi ina lalube da ido. Tun daga ranar na roƙi koci ya mayar da marufin cikin horona na kowane mako. Idan wata rana masu tantancewa suka ce na koma T11, ina so su same ni a shirye. Athanasios Ghavelas na ƙasar Girka ya yi mita 100 cikin sakan 10.82 a Tokiyo ido a rufe, Ananias Shikongo na Namibiya ya ci zinaren mita 200 a Riyo a wannan rukuni, saboda haka na san akwai gudu a can ma.

Ɗan jagorana na farko ya samu aiki a wani gari ya tafi, kuma ban riƙe shi da komai ba sai alheri. Mutum ne da ya ajiye nasa burin na tsere yana zuwa fili saboda ni, ba tare da albashi ba. Duk abin da ɗan tsere yake buƙata, mu ninki biyu muke buƙata, daga tikitin tafiya zuwa masauki da takalmi, kuma sau da yawa masu shirya tafiya sukan lissafa ɗan wasa su manta da mutumin da ba zai iya gudu ba sai da shi. Tun gasar Landan ta 2012 ake rataya wa ɗan jagora lambar yabo tare da ɗan wasansa, a ganina kuwa duk inda ake biyan ɗan wasa alawus, wajibi ne a biya ɗan jagoransa daidai da shi. Da na samu na biyu, sai da muka koma tafiya da sassarfa daga farko, domin takun kowane mutum dabam ne. Da shi muka zauna muka tattauna abin da ya faru da Elena Congost ta Sifaniya, wadda ta iso ta uku a gudun yada ƙanin wani a Faris, amma aka hana ta tagulla saboda ta saki igiya daf da layin ƙarshe don ta tallafi ɗan jagoranta da ƙafarsa ta riƙe. Na gaya masa cewa in haka ta same mu, shi zan tara, lambar ta tafi.

Akwai kuma abin da duk mai irin ciwona da yake son shiga wannan harka ya kamata ya sani. Wani lokaci ruwa yakan taru a tsakiyar tantanin ido, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da likitoci suke bayarwa a kan haka kuwa yana cikin magungunan da aka haramta wa 'yan wasa, sai an nemi takardar izini ta musamman. Saboda haka duk likitan da na je wurinsa, kafin ya ɗauki alƙalami nake gaya masa cewa ni ɗan wasa ne da ake yi wa gwaji.

Yanzu ina karatu a babbar makaranta, da manhajar da take karanta mini rubutu a waya da kwamfuta nake yawancin aikina, har da wannan labari. Na fara koyon rubutun makafi da tafiya da sanda tun ina da sauran gani, kuma ni na nema da kaina, domin abin da marufin ido ya koya mini a fili ya shafi sauran rayuwata. An kai ƙannena an duba idanunsu, kamar yadda likita ya shawarta tun farko saboda ciwon na gado ne. Mahaifiyata, wadda a da ba ta iya kallona ina gudu, yanzu tana zuwa gasa, kuma ɗan jagorana ya ce tun daga kwana ake jin muryarta. Har yanzu akwai daren da tsoro yake dawo mini, musamman idan na lura wani abu da nake gani bara ya ɓace bana, a irin wannan dare nakan tashi in yi alwala in kai kukana wurin Allah, da safe kuma in tafi fili.

Ban taɓa zuwa gasar Olamfik ta nakasassu ba, ban kuma ci lambar duniya ba tukuna. Ta gaba a Los Anjalas ta Amurka za a yi ta a 2028, kuma kafin nan akwai wata tantancewar da take jirana, wadda za ta nuna ko a T12 zan nemi gurbi ko a T11. Ni da koci mun tsara horon bana a kan duka biyun, mun kuma fitar da jerin gasannin da aka amince da agogonsu, domin duk gudun da zan yi daga yanzu ya shiga lissafi. Muna kuma neman wani matashi mai gudu da za mu fara koya wa igiya, saboda kada tafiyar mutum ɗaya ta sake tsayar da mu.